Yadda ake haɗa DBeaver da rumbun bayanan da ke kan saba mai nisa

Tambayar yadda ake shiga rumbun bayanan da ke kan saba mai nisa daga laftof ta yi yawa, daga ɗaliban kwamfuta na BUK da na Wudil har masu rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya. Rumbun bayanai yana kan saba, manhaja tana aiki lafiya ƙalau, amma da mutum ya buɗe laftof ɗinsa zai leƙa teburan da idonsa sai haɗi ya ƙi. Daga nan wasu sai su shiga buɗe duk abin da suka tarar a rufe har abu ya yi aiki, su tashi su bar bayanan mutane a fili. Ana iya shiga ba tare da an yi wannan ɓarnar ba, kuma hanyar ta ma fi sauƙi a irin intanet ɗin da muke da ita a Kano.

Zan yi misali da DBeaver, manhajar da ake buɗe rumbun bayanai da ita a ga teburansa, saboda yana hawa Windows da Mac da Linux, kuma yana jin manhajojin rumbu irin su MySQL da PostgreSQL duka. Mu ɗauka wani dila ne a Kantin Kwari yake da manhajar kaya, rumbunta sunansa kanti, yana kan sabar Ubuntu mai adireshi 203.0.113.10. Adireshin na misali ne, ka sa naka a gurbinsa.

1. Tara bayanan haɗi kafin ka taɓa komai

Abu biyar kake buƙata daga wajen wanda ya kafa sabar: adireshinta, lambar ƙofar da rumbun yake sauraro, sunan rumbun, sunan mai shiga, da kalmar sirri. Idan ba a canza ba, MySQL da MariaDB suna kan 3306, PostgreSQL 5432, SQL Server 1433, Oracle 1521, MongoDB 27017. Kamfanonin da ke riƙe wa mutum rumbu kan canza lambar, misali DigitalOcean yana ba da 25060, don haka ka duba shafinka kada ka yi kirdado.

Sai kuma bayanan shiga sabar ita kanta ta SSH, lulluɓaɓɓiyar hanyar shiga saba daga nesa. Su ne sunan mai shiga da ƙofa, wadda yawanci 22 ce. Mutane da yawa suna haɗa waɗannan biyun wuri guda. Asusun shiga saba daban, asusun shiga rumbu daban, ko da an yi musu suna iri ɗaya.

Gargaɗi: idan an turo maka kalmar sirri a rukunin WhatsApp na ma'aikatan kanti, ka ɗauka kowa ya santa. Ka shiga da ita sau ɗaya ka canza.

2. Sauke DBeaver da lissafin kuɗi

Ka ɗauko DBeaver Community daga shafinsu na dbeaver.io, kyauta ne. Girmansa ya haura megabait 100, kuma yana zuwa da Java ɗinsa, ba sai ka nemo daban ba. Kada ka karɓi kwafin da aka zuba maka a filasha tare da tarkacen manhajoji lokacin da ka sayi laftof. Abin da za ka riƙa ba kalmar sirrin rumbu ya kamata ka san daga inda ya fito.

Karon farko da za ka haɗa da kowane irin rumbu zai nemi sauke direbansa, fayil ne ƙarami da yake magana da rumbun ta cikinsa. Ka bar shi ya sauke yanzu da kake da data, domin in ba shi ba abin da zai tafi.

Ta fuskar kuɗi, SSH da mukullinsa ba sa cin ko sisi. Abin biya shi ne sabar, kuma ƙaramar VPS, wato sabar haya, a kamfanonin waje tana kamawa kusan dala 4 zuwa 6 a wata, wadda kake biya tun kafin yau. Ba sai ka sayi tsayayyen adireshin IP ba in ka bi hanyar da ke tafe.

3. Zaɓi hanya, kuma ka zaɓi SSH

Hanya biyu ce. Ko ka buɗe ƙofar rumbun ga intanet ka shiga kai tsaye, ko ka bar ta a rufe ka bi ta cikin SSH, sannan daga cikin sabar ka isa rumbun. Kamar gidan cikin birni ne, baƙo ta zaure yake shiga ya yi sallama, ba a fasa masa katanga ta bayan ɗaki.

Hanyar kai tsaye tana da aminci ne kawai idan ka iya gaya wa katangar tsaron sabar cewa adireshi kaza kaɗai za ta bari. To a nan matsalarmu take. Akasarinmu da layin waya muke aiki, MTN ko Airtel ko Glo, ta waya ko ta ƙaramar rauta. Waɗannan layuka suna tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, kuma adireshin yana canzawa. Ka kashe data ka kunna, ko a ɗauke wuta rauta ta mutu ta tashi, sai ka wayi gari da sabo. Starlink ma, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2023, haka take yi a tsarinta na gida. Adireshin da ka ba izini da safe a ofis a Zoo Road ba lallai ya kai la'asar ba. Mutum yakan gaji da sabuntawa, sai ya rubuta 0.0.0.0/0, ma'ana duk duniya.

Akwai injuna da ba su da aiki sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa 3306 da 5432 dare da rana suna gwada kalmomin sirri. A farkon 2017 an share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, aka bar wa masu su takardar neman fansa da Bitcoin, kuma salon bai mutu ba. Ba ruwansu da ƙanƙantar kantinka, inji ne, bai san Kwari ba.

Da SSH canjin adireshinka bai dame ka ba, mukulli ne shaidarka, kuma duk abin da ke wucewa tsakaninka da sabar a lulluɓe yake.

4. Yanka mukullin SSH

Windows 10 na baya-bayan nan da Windows 11 suna zuwa da SSH. Buɗe PowerShell ka rubuta:

`ssh-keygen -t ed25519`

Danna Enter ya ajiye a inda ya zaɓa. Zai nemi jimlar sirri ta kare mukullin, ka ba shi. Laftof abin sacewa ce, kuma takan kwana wajen mai gyara a Beirut Road. Fayil biyu za ka samu a cikin jakar .ssh: id_ed25519, wanda ba ya barin kwamfutarka har abada, da id_ed25519.pub, wanda shi ake kai wa saba.

A Linux ko Mac umarni ɗaya ya wadatar:

`ssh-copy-id sunanka@203.0.113.10`

Windows ba shi da wannan umarnin. Buɗe fayil ɗin mai .pub da Notepad, kwafe layin gaba ɗaya, shiga sabar da kalmar sirri, ka manna shi a ƙarshen fayil ~/.ssh/authorized_keys. Ka tabbata ya zauna a layi ɗaya bai karye ba. Sannan ka gyara izini, don SSH yana ƙin mukullin da ke cikin fayil ɗin da wasu ke iya rubutu a kai:

`chmod 700 ~/.ssh`

`chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys`

Fita ka sake shiga da `ssh sunanka@203.0.113.10`. Idan jimlar mukulli ya tambaye ka, an dace.

Gargaɗi: in za ka kashe shiga da kalmar sirri a sabar, wanda abu ne mai kyau, kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata ka gwada mukullin ya shiga. In ka yi gaggawa za ka kulle kanka a waje.

5. Buɗe wa kanka asusu a cikin rumbun

Kada ka shiga da root ko postgres, wato manyan asusun MySQL da PostgreSQL masu ikon komai. Da ma a Ubuntu ba za su yarda ba, domin an ɗaure su da asusun sabar, ba su da kalmar sirrin da DBeaver zai miƙa. Wasu suna kwance wannan ɗaurin don su huta, ni ban ga dalili ba. Kuma kada ka ari asusun da manhajar take amfani da shi, ranar da ka canza masa kalmar sirri kanti zai tsaya cak.

A MySQL, ka shiga da `sudo mysql` ka rubuta:

`CREATE USER 'kanti_duba'@'127.0.0.1' IDENTIFIED BY 'doguwar-kalmar-sirri';`

`GRANT SELECT ON kanti.* TO 'kanti_duba'@'127.0.0.1';`

Ka lura da abin da ke bayan alamar @. A wurin MySQL asusu suna ne haɗe da inda mutum ya fito. Tunda ta SSH za ka bi, rumbun zai gan ka kamar daga cikin sabar kake, shi ya sa muka rubuta 127.0.0.1. Alamar % da ake yawan gani a wannan gurbin tana nufin daga ko'ina, ka guje ta.

A PostgreSQL, ka shiga da `sudo -u postgres psql kanti`:

`CREATE ROLE kanti_duba LOGIN PASSWORD 'doguwar-kalmar-sirri';`

`GRANT CONNECT ON DATABASE kanti TO kanti_duba;`

`GRANT USAGE ON SCHEMA public TO kanti_duba;`

`GRANT SELECT ON ALL TABLES IN SCHEMA public TO kanti_duba;`

Layin ƙarshe ya shafi teburan da ke nan yanzu ne kawai. Wanda aka ƙirƙira gobe sai an sake ba da izini, ko a saita ALTER DEFAULT PRIVILEGES.

Wannan asusun na karatu ne zalla, kuma shi zai ishe ka yawancin kwanaki. Ka yi na biyu mai ikon gyara, ka riƙa ɗauko shi sai da dalili.

6. Cika DBeaver

Danna alamar filogi da ke sama ta hagu, wato New Database Connection, ka zaɓi MySQL ko PostgreSQL. Fara da ɓangaren SSH. A tsofaffin fitowa shafi ne a jere da Main, a sababbi sai ka danna alamar ƙari ka ƙaro shi. A Host/IP ka sa 203.0.113.10, Port 22, User name sunanka na saba. A Authentication method zaɓi Public Key, ka nuna masa fayil id_ed25519, wanda ba shi da .pub, ka rubuta jimlar sirrinsa. Danna Test tunnel configuration. Karon farko zai tambaye ka ko ka yarda da shaidar wannan sabar, ka amince. Kada ka ci gaba sai wannan gwajin ya yi kyau.

Yanzu koma Main, inda kusan kowa yake tuntuɓe. A Host za ka rubuta 127.0.0.1, ba adireshin sabar ba. Abin yana da ɗaure kai da farko, amma ka tuna SSH ya riga ya kai ka cikin sabar, adireshin da ka rubuta a nan daga can ake kallonsa. In ka sa 203.0.113.10 a wurare biyun, ka shiga gida ke nan ka sake fita kana buga ƙofar da muka bari a rufe. Port 3306 ko 5432, Database kanti, Username kanti_duba, sai kalmar sirri. Danna Test Connection.

Idan rumbun yana kan wata saba ta biyu da ke ɓoye a bayan ta farko, adireshinta na ciki za ka sa a Host, irin mai farawa da 10, kuma a gyara asusun MySQL ya dace da adireshin cikin sabar farko.

Mai amfani da MySQL Workbench zai sami wannan tsari a ƙarƙashin Standard TCP/IP over SSH, pgAdmin kuma yana da shafin SSH Tunnel. In manhajarka ba ta da shi, ko kana son gwada lambar da kake rubutawa, ka buɗe hanyar da hannu:

`ssh -N -L 3307:127.0.0.1:3306 sunanka@203.0.113.10`

Bar tagar a buɗe, ka haɗa da 127.0.0.1 a ƙofa 3307. Na zaɓi 3307 ne don da yawanmu muna da XAMPP, mai kafa rumbun gwaji a laftof, zaune a kan 3306. In ka manta da wannan za ka shiga rumbun laftof ɗinka kana mamakin ina cinikin jiya ya tafi.

7. Idan dole sai kai tsaye

Akwai inda ba ka da SSH. A hostin mai cPanel, wato shafin sarrafa asusunka, ka nemi Remote MySQL, wanda a sababbin fitowa ake kira Remote Database Access, ka ƙara adireshinka na yanzu. Ka rubuta "my ip" a Google, shafukan da suka fito za su nuna maka. Sunan rumbu da na mai shiga a can suna ɗauke da sunan asusunka a gaba, haɗe da ƙaramin layi na ƙasa, ka kwafe su cikakku. Wasu kamfanonin hostin suna toshe 3306 gaba ɗaya, sai ka rubuta musu. A AWS RDS ƙa'idar tana cikin Security Group, a DigitalOcean kuma Trusted Sources. Masu Supabase su lura cewa adireshin haɗin kai tsaye da IPv6 yake aiki, in layinka ba shi da ita ka ɗauki adireshin Session pooler.

Duk lokacin da adireshinka ya canza ka sa sabon, ka goge tsohon. Wahala ce, amma ita ce kuɗin wannan hanyar. Ofishin da mutum uku ko huɗu ke shiga kullum gara su kafa WireGuard ko Tailscale, manhajojin da ke haɗa kwamfutoci a keɓaɓɓiyar hanya, kowa ya sami adireshin ciki da ba ya canzawa.

In VPS ɗinka ce kuma kana da tsayayyen adireshi na gaske, ga tsarin. Fara da katangar tsaron Ubuntu, ufw, kafin ka buɗe komai:

`sudo ufw allow from adireshinka to any port 3306 proto tcp`

Ka duba `sudo ufw status` ka ga tana kunne kuma 22 a buɗe take. Sannan a /etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf ka mayar da bind-address daga 127.0.0.1 zuwa 0.0.0.0, ka sake tayar da MySQL, ka ƙirƙiri asusu da adireshinka a bayan @ tare da REQUIRE SSL, wanda ke tilasta a lulluɓe zance. A PostgreSQL listen_addresses ne a postgresql.conf, shi ma sai an sake tayarwa, sannan layi ɗaya a pg_hba.conf:

`hostssl kanti kanti_duba adireshinka/32 scram-sha-256`

Kada kalmar trust ta taɓa shiga layin da ya shafi waje, ma'anarta a bar kowa ya shiga ba tambaya. A DBeaver ka kunna SSL. Matakin require yana lulluɓe zance amma ba ya tantance sabar, verify-full ne ke yin duka biyun, da takardar shaidar da kamfanin ya ba ka.

Gargaɗi ga masu Docker: idan ka tayar da rumbu da `-p 3306:3306`, Docker yana tsallake ƙa'idojin ufw, ƙofar a buɗe take ga duniya ko da ufw ta ce a rufe. Ka rubuta `-p 127.0.0.1:3306:3306`.

8. Karanta saƙon kuskure kafin ka canza wani abu

Kowane saƙo yana gaya maka inda tafiyar ta tsaya. Idan ya daɗe yana juyawa sannan ya ce timed out, ko sabar ba ka isa ba. Katanga ce, ko adireshi ba daidai ba, ko intanet ɗin makaranta ko ofis ta toshe ƙofar. Gwada daga PowerShell da `Test-NetConnection 203.0.113.10 -Port 22`, sannan ka canza zuwa hotsfot na waya ka sake. Canza kalmar sirri a wannan matakin ɓata lokaci ne.

Connection refused kuwa ka isa, amma ba wanda ke sauraro a wannan ƙofar. Ko rumbun ya mutu, ko lambar ba ita ba ce. A sabar `sudo ss -tlnp` zai nuna maka wa ke zaune a wace ƙofa.

Kuskure na 1130 a MySQL, mai cewa Host is not allowed, da no pg_hba.conf entry a PostgreSQL, abu ɗaya suke faɗa: rumbun ya gan ka amma bai san inda ka fito ba. Saƙon yana ɗauke da adireshin da ya gan ka da shi, ka kwatanta da wanda ka ba izini. Na 1045, Access denied, yawanci suna ne ko kalmar sirri, ko asusun an yi shi ga wani adireshi daban. Ka duba ko kwafi ya jawo fili a ƙarshen kalmar.

Akwai kuma Public Key Retrieval is not allowed, da ke fitowa a MySQL 8 saboda tsarin tantancewarsa na caching_sha2_password. In ta SSH kake, ka shiga Driver properties ka mayar da allowPublicKeyRetrieval zuwa true, ba komai. In kai tsaye kake, SSL za ka kunna. Shawarar komawa mysql_native_password ta tsufa, an kashe shi a 8.4 sai mutum ya kunna da kansa, an cire shi baki ɗaya a 9.0.

9. Saitin da za ka yi bayan an shiga

Danna haɗin da dama ka zaɓi Edit Connection. A General ka mayar da Connection type zuwa Production. DBeaver zai shafa masa ja, ya daina adana canji da kansa sai ka danna Commit, ya kuma tambaye ka kafin umarni mai haɗari. UPDATE ɗaya da aka manta WHERE ya isa ya mayar da farashin kowace atamfa da shadda iri ɗaya. Sai dai in ka fara gyara, ka yi Commit ko Rollback kafin ka tashi sallar azahar. Gyaran da aka bari a rataye yana riƙe layukan tebur, yaran kanti su kasa fitar da rasit.

A Initialization ka sa Keep-Alive daƙiƙa 30 ko 60. Layukan waya suna yanke haɗin da ya yi shiru, kuma wannan ne dalilin da kake dawowa daga shan shayi ka tarar komai ya daskare. In ya yanke duk da haka, Invalidate/Reconnect zai tayar da shi.

DBeaver layi 200 yake ɗebowa a lokaci guda, ka bar shi haka. Fetch all a kan teburin cinikin shekara uku zai shanye maka data. Idan kwafin rumbun gaba ɗaya kake so, ka yi shi a kan sabar da `mysqldump --single-transaction` ko `pg_dump -Fc`, ka matse na MySQL da gzip, sannan ka jawo da scp, wanda in ya yanke sake jawowa kawai za ka yi. Kwafin nan yana ɗauke da sunaye da lambobin wayar kwastomomi har da bashin da ake bin su, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan mai riƙe da su. Ka goge shi daga laftof da zarar ka gama.

Sai lokaci. Yawancin saba a kan UTC suke, wato agogon GMT, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. In ka ga cinikin ƙarfe 6 na yamma an rubuta 5, kada ka taɓa bayanan. Ka fara duba yadda manhajar take ajiye lokaci, sannan ka saita DBeaver ya nuna da Africa/Lagos, ko dai a Server Time Zone na haɗin MySQL ko a Preferences.